Ranin da Shanu Suka Tsare Mana Gona

Duk lokacin da ruwan farko ya sauka a kan busasshen kashin shanu, ƙamshin da ke tashi yakan mayar da ni zauren gidanmu, a wani ƙauye kusa da 'Yandoto. Wata Juma'a ce da la'asar, bayan an gama kai hatsi rumbu. Kakana na zaune a kan buzu, babana da baffana suna gabansa, ni kuma ina murza igiyar rama. A shekarun nan jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, amma masu sayen auduga sun riga sun iso.

Maganar gonar gindin dutse ake yi. Gandu muke, wato gida guda ke noma tare, a ci daga rumbu guda. Gonar bayan gida ba ta hutawa, domin kowace shekara tana samun toka da juji da kashin awaki. Ta gindin dutse ita ce babba, amma tana da nisa, jakinmu ba zai iya kai mata takin da zai ishe ta ba. Ta gaji. Ƙuduji ya rufe ta, ciyawar nan mai kyawun fure da ke shan jinin dawa, har karan dawar bai wuce ƙugun babba ba.

Maganin da aka gada shi ne a bar gona saura, sabara da kalgo su tsiro, bayan wasu shekaru a dawo a sassabe. Ba ya cin gumin kowa. Sai dai a lokacin baƙi na ta zuwa neman ƙasar auduga, kuma gonar da ta koma daji mai gari na da ikon ba wani.

Baffana ya ce, "Baba, wani mutumin Bungudu ya riga ya kai gaisuwa wurin mai gari. In ka bar wagga gona ta yi sabara, ta tahi ke nan. A zuba mata auduga zalla."

Kakana ya dube shi ya ce, "Ran da ruwa ya ɗauke, da wace miya za ka ci audugar?"

Babana, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya ce ko audugar ma ƙasar ba za ta ɗauka ba. Aka tashi sallar magariba ba a yanke komai ba.

Washegari kakana ya ɗauki sandarsa ya nufi rugar wani Bafulatani, abokinsa tun suna samari. Suka shirya cewa garken zai kwana a gonarmu duk tsawon rani. Shanu su ci kara, su sha a rijiyarmu, mu kuma mu ba mutanen ruga dammunan hatsi. Lokaci lokaci sukan matsar da makwancin shanun gaba, don taki ya game ko'ina.

Hatsin nan daga bakinmu aka cire shi. Kakata ba ta ɓoye fushinta ba. Ta ce tsoho ya kwashi abincin jikoki ya kai daji. Ni kuwa, da yake mijinta take kira na, cewa ta yi, "To, maigida, sai ka fara koyon cin kara." Da bazara tuwo ya ragu ƙwarai, kwaɗon rama ya yawaita. Amma kullum da safe ƙwaryar nono na shigowa gidan, kuma ban taɓa ganin ta mayar da ita ba.

Wata rana da hantsi, ana dab da damina, mai gari ya zo gonar tare da baƙon nan na Bungudu. Shanu na kwance suna tuƙa, ƙasa ta yi baƙi da taki. Mai gari ya ce wa kakana, "Malam, ni fa an ce mini saura ce."

Kakana ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya nuna garken ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ma'aikatana nan, ko tashi ba su yi ba."

Mai gari ya yi dariya, baƙon ma ya yi. Aka ce gonar da ake wa taki tana da mai ita. Baƙon aka yanka masa wuri can gaba, ya zama maƙwabcinmu.

Da ruwa ya sauka muka yi gicci: gero a jere, dawa ta gitta shi, wake ya biyo daga baya. Gero ya nuna da wuri ya kashe yunwa, dawa ta jira kaka, wake ya rufe ƙasa. In ɗaya ya ƙi, ba duka ke ƙi ba. Amma noman irin wannan gona sai a hankali, don kada hauya ta sare abin da aka shuka. Takin shanun kuma ya zo da irin ciyawa, muka yi ta maimai, noma kan noma, har tafin hannuna ya yi kanta. Ƙuduji ya ragu, bai ƙare ba.

Baffana an ba shi gefen gabas ya shuka audugarsa. Ta yi kyau sosai, ya sayo jaki a Tsafe, ya riƙa ɗaure shi daidai inda kakana ke alwala. Shekara ta gaba tsutsa ta cinye audugar. Ya ci tuwon gandu kamar kowa, ba wanda ya tuna masa maganar miya.

Yanzu jikokin yayana ke noma wurin. Masara zalla suke shukawa da takin buhu, kuma shekarar da ruwa da taki suka zo kan kari, suna samun abin da kakana bai taɓa gani ba. Shekarar da ɗaya ya makara, sai su sayi hatsi a kasuwa. Makiyaya sun daina kwana a gonar tun tuni. Tana hannunmu har yau, kuma mutanen ƙauyen suna kiranta Makwancin Shanu.