Ranar da Surukina Ya Tayar da Fankar Motata

Motar da na fara saya a rayuwata 'yar Kwatano ce, ruwan toka, ta riga ta sha hanya kafin ta zo hannuna. A lokacin ina aiki a ɗakin karatu na jami'ar da ke Wudil, shekarata uku da aure. Tuƙi dai na iya, amma abin da ke ƙarƙashin bonet ban san komai a kansa ba, in ban da wurin zuba ruwa da wurin duba baƙin mai.

Surukina, mahaifin matata, tsohon direba ne. Ya ja manyan motoci a ƙuruciyarsa, daga baya ya koma motocin haya tsakanin Kano da Azare da Potiskum, har ciwon ido ya raba shi da sitiyari. Lokacin da na san shi, haske da duhu kawai yake bambantawa. Tsakanina da shi kuwa gaisuwa ce kurum. In na je gidan, tun daga ƙofar zaure nake cire takalmi, in durƙusa can nesa, mu yi ta lafiya lau da madalla har gaisuwa ta ƙare, in tashi. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban kuma taɓa jin dariyarsa ba.

Wata shekara da kaka, matata ta ce Baba yana so a kai shi gonarsa ta Ɗankaza. Dawa ta nuna, ƙannensa sun aiko cewa za a fara girbi, shi kuma ya ce ko ba ya gani yana so ya taɓa zangarniya da hannunsa. Ranar Juma'a ya zaɓa, don ya yi salla da mutanen garinsu. Na tashi da sassafe na wanke motar ciki da waje, kamar mai ido ne zai shiga.

Da hantsi muka ɗauke shi. Ya zauna gaba kusa da ni, sandarsa a tsakanin gwiwoyinsa, matata tana baya. Abin da na manta shi ne Juma'a ranar kasuwar Wudil ce. Ba mu yi nisa ba muka faɗa cikin cunkoso: manyan motoci cike da shanu, masu a-daidaita-sahu, makiyaya suna kora dabbobi suna ratsa titi. Mu matsa taku biyu, mu tsaya. Rana ta fara zafi.

Can sai ya ɗan karkato da kai wajen gaban motar.

“Malam,” ya ce, don haka yake kirana, “motar nan taka tana da fanka kuwa?”

“Tana da ita, Baba.”

“To tun da muka tsaya nake sauraronta, ban ji ta tashi ba. Duba allurar zafi.”

Na duba. Ta wuce tsakiya, tana dab da jan layi. Ban ma lura ba, hankalina yana kan shanun da ke gogar jikin mota.

“Ta hau, Baba.”

“Sauka gefen titi ka kashe ta. Kada ka jira sai ta yi hayaƙi.”

Da ƙyar na samu na kutsa na tsaya ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, kusa da rumfar wani mai rake. Na buɗe bonet, zafi ya bugi fuskata. Ina jin ruwa yana ɓararraka a cikin lagireto. Na miƙa hannu zan murɗe murfin, sai na ji muryarsa da ƙarfi daga cikin mota.

“Kul! Kada ka taɓa murfin nan!”

Har yau ban san yadda ya gane ba. Wataƙila ya san abin da kowane sabon mai mota yake fara yi. Matata ta riƙo hannunsa ya fito, ya lallaɓa jikin motar har ya zo gaba ya tsaya kusa da ni, kafaɗa da kafaɗa. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa matsawa kusa da shi haka ba.

Na ce, “Baba, bari in hau babur in ɗauko bakanike.”

“Yau Juma'a, ga kasuwa. Kafin ka samo shi an sauko daga masallaci. Kai kana da ido, ni ina da kunne. Bari ta huce tukuna.”

Muka tsaya. Matata ta sayo rake ta ɓare masa, ya ƙi karɓa sai da ta miƙa mini nawa. Na riƙe shi a hannu, na kasa kai wa baki.

Da injin ya ɗan huce ya ce in sa yatsa in juya fankar. Ta juya sumul, ba abin da ya riƙe ta. Ya ce, “Madalla, ba ta ƙame ba.” Ya sa na ciro sandar baƙin mai na gaya masa launinsa, wai in ya yi fari-fari kamar an zuba madara, to ruwa ya shiga inji, magana ta girma. Baƙi ne. Ya yi hamdala.

Daga nan sai fis. Ban san inda akwatinsu yake ba, shi ya kwatanta mini. Matata ta karanta zanen da ke jikin murfin akwatin, ta nuna mini mai hoton fanka. Na ciro shi na ɗaga a rana.

“Wayar cikinsa ta tsinke?”

“A'a, Baba, lafiyarta ƙalau.”

“Mayar da shi. Akwai wasu 'yan baƙaƙen akwatuna a gefe, rile ake ce musu. Na fanka da na hon sukan zo iri ɗaya. Musanya su, sannan ka danna hon.”

Na musanya, na danna. Hon ya yi ƙara har wani sa da ke wucewa ya zabura, makiyayinsa ya harare ni. Baba ya ce tunda rilen fanka ya busa hon, ba shi da laifi. Na mayar da kowanne wurinsa. Gumi ya jiƙa mini riga, hannuwana sun yi baƙi, farar shaddar da na saka don ganin dangin matata ta tashi daga aiki.

Sai ya naɗe hannun rigarsa. Na ce, “Baba, da zafi fa.” Ya sa hannu yana bin jikin lagireto a hankali, daga sama zuwa ƙasa, yana magana kamar da kansa yake yi.

“A zamaninmu bel ne ke jan fanka. Inji na tafiya, tana tafiya. In bel ya tsinke a daji, igiya ma mun ɗaura mun kai gari. Waɗannan na lantarki sai an tashe su. Akwai wani makunni a nan ƙasa, shi ke jin zafin ruwa ya ce mata tashi. Yawwa, ga shi. Kawo hannunka.”

Ya kama hannuna ya ɗora a kan wani ɗan ƙarfe mai wayoyi biyu. Tafin hannunsa kaushi gare shi kamar ɓawon itace. Ya ce in zare soket ɗin da ya haɗa wayoyin da ƙarfen. Na zare.

“Yanzu muna son ɗan guntun waya.”

Na birkice but ɗin motar, ba waya. Mai rake ma ya duba, bai da ita. Sai Baba ya juya wajen 'yarsa ya ce, “Ke, ba ki da fil a mayafinki?” Ta ciro ta ba shi. Ya buɗe fil ɗin, ya lanƙwasa da haƙori, ya miƙo mini ya ce in haɗa ramukan biyu na soket da shi, in janye hannuna da hannun rigata daga fankar, matata kuma ta shiga ta murɗa makulli.

Ta murɗa. Fanka ta ɗauka, fuuu, har ganyen darbejiyar da ya faɗa cikin injin ya tashi sama.

Baba ya tuntsire da dariya. Dariya ce mai ƙarfi, irin ta mutanen tasha, har yana dukan bayana. “Ka ji ta! Ashe lafiyarta ƙalau, mai tashinta ne ya yi barci!” Ni ma ban san lokacin da na kama dariya ba. Matata ta leƙo ta taga tana kallonmu, baki buɗe.

Muka ƙara ruwa bayan murfin ya huce, na ɗaure soket ɗin da tsumma. Ya gargaɗe ni cewa dabara ce ta kai wa gari kawai: duk inda muka tsaya in zare fil ɗin kada batir ya sauka, gobe kuma in kai wa mai gyaran wayarin mota ya sa sabon makunni.

Daga nan har Ɗankaza bakinsa bai rufe ba. Ya ba ni labarin wata damina da ya kwana biyu a hanya da lodin gyaɗa, da maigidansa na farko wanda ya koya masa gane ciwon inji da kunne, yana ɗora sukundireba a jikin inji ya kara ƙotar a kunnensa. Yana cikin magana sai ya ce, “Sa giya ta uku, Malam, kana wahalar da ita.” Na sa. Mun samu salla. Bayan an sauko aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, na tashi zan koma wajen samari, ya ce, “Ina za ka? Wanke hannu.” Kwano ɗaya muka ci. Da la'asar ƙannensa suka kai shi cikin gona, na hango shi yana lanƙwaso karan dawa yana murza ƙwayar yana kai wa baki.

Washegari mai wayarin ya tabbatar da maganar Baba, ya canza makunnin cikin ɗan lokaci.

Bayan wannan Baba ya yi shekara shida a duniya. Kusan duk Alhamis da yamma, in na tashi daga aiki, nakan biya in ɗauke shi mu fita hanyar Gaya, ba don muna da inda za mu ba. Yakan sauke gilashi ya sa gwiwar hannu a taga, ya riƙa faɗa mini sunayen ƙauyukan da muke wucewa tun kafin in ga allonsu. Wani lokaci yakan yi kuskure, don gari ya faɗaɗa tun bayan da ya daina gani, ni kuwa ba na gyara masa. Ya rasu da damina, ranar wata Talata, bayan gajeriyar jinya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Motar ta ƙara shekara biyu a hannuna, sannan na sayar wa wani mutumin Dagumawa mai kai tumatir Kano. Wani lokaci nakan gan ta a kan gadar Wudil, an yi mata fenti kore, kwanduna har saman rufi.