Biba Ta Gaji da Godiya

Biba ɗiyar masu saƙar tabarma ce a tsohon garin Agadas, kuma tun tana ƙarama an san ta da abu biyu: hannu mai sauri a kan kaba, da bakin da ya fi hannun sauri. Iyayenta sun rasu da wuri, ta tashi a gidan kawunta Malam Hamidu, mutum mai sanyin hali, wanda ya yi ta fama da bakin nan har ya sallama. Yakan ce kowane gida da jarrabawarsa, tasa da ɗan kunne ta zo.

Haɗuwarta da Alkasum magini ma da faɗa aka fara. Yana bisa katanga yana yaɓe, tana wucewa da ƙwaryar fura a ka, sai curin laka ya faɗo tsulum a ciki. Ta ɗaga kai ta wanke shi tas, daga shi har wanda ya koya masa gini. Da wani ne, haƙuri zai bayar. Alkasum kuwa leƙowa ya yi ya ce ai furar ce ta yi ruwa, kauri ya ƙara mata. Daga ranar duk inda suka gamu sai an raba su, kuma duk mai ido ya san inda abin ya dosa. Shi ne mai hawa hasumiyar babban masallaci in za a yi mata yaɓe, ya taka itacen da ke jikinta kamar matakalar gidansu, yana can sama yana yi wa na ƙasa tsiya.

Ana nan yaƙin Faransa da Jamus ya tashi, kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, ya aiko a ba da samari aikin soja, sunan Alkasum ya faɗa ciki. Aka ɗaura aure cikin gaggawa. Ɗan zaman da suka yi rabinsa faɗa ne, rabi dariya, maƙwabta ba su iya bambance wannan da wancan. Lallen hannunta bai gama gogewa ba kamyon soja, babbar motar nan, ya zo kwasarsu zuwa Damagaram.

"In ka mutu can, kada ka kuskura ka dawo min," in ji ta, a ƙofar gida.

"Ke dai ki koyi miya kahin in dawo."

Ta tsaya ƙyam har kamyon ya ɓace. Sannan ta shiga ɗaki ta yi kukan da ya hana ta magana har washegari.

Shekarun da suka biyo baya ba su yi wa kowa daɗi ba. Hanyar Kano ta toshe, yadi ya yi wuya har mata na aron zane su je suna. Sukari ya ɓace, ana shan shayi da dabino a kunci. An kwashe raƙuma aikin soja, hatsi ya yi ƙaranci. Biba ta yi ta saƙa har yatsunta suka tsattsage, ta shafa musu mai ta ci gaba. Labarin Alkasum kuwa shiru. Wasu suka ce ya mutu, wasu ma har sun fara aiken neman aurenta wurin Malam Hamidu, ta sallame su da maganganun da ba su maimaituwa a gaban manya. Abin da ya riƙe ta a tsaye ba wani abu ba ne, tara masa magana take yi. Tana saƙa tana shirya abin da za ta gaya masa ranar da ya dawo, da abin da zai mayar mata, da yadda za ta ƙure shi.

Bayan an gama yaƙi da daɗewa ya dawo, a bayan wata mota da ta kwana biyu a Aderbissinat da karyayyen ƙarfe. Mutum biyu ne suka sauko da shi. Ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe take daga gwiwa, an soke ta da allura, ga sanda biyu a hammata. Biba ta dube shi, ta daure ta buɗe baki za ta fara abin da ta tanada. Sai ya riga ta.

"Biba," ya ce, kansa a ƙasa, "na gode da kika jira ni. Allah shi saka maki."

Duk maganar da ta tara shekara da shekaru ta tashi a banza.

A hankali ta gane inda ya koyo abin. Ya daɗe kwance a wani asibiti can ƙetaren teku, inda sai an ɗaga shi, sai an wanke shi, ko ruwa sai an ba shi a baki, kuma duk wanda ya yi masa abu sai ya ce marsi, wato na gode. Da wannan ya dawo gida. In ta kawo ruwan alwala, ya gode. In ta ajiye tuwo, ya gode. In ta gyara masa shimfiɗa ya gode har sau biyu, da ladabi irin na baƙon da ya san ya daɗe a gidan mutane. Gini ya ƙare masa. Sai ya zauna a zaure yana tufkar igiya yana sayar wa ƴan ayarin Bilma, in hanya ta bi da shi kusa da hasumiya ya kau da kai.

Gari kuwa ya ɗauka. Malam Hamidu yana da wani ɗan littafin wa'azi na ajami, rubutun hannu, da wani falke ya kawo masa, daga farkonsa har ƙarshe zancen godiya ne. Bayan la'asar yakan karanta wa dattawa a ƙofar gida, kuma tun da Alkasum ya dawo sai ya sami misali mai rai. Ya ce ku dubi surukina, ƙafa guda ya rasa, amma harshensa bai rabu da godiya ba. Mata ma in sun zo sayen tabarma sai su ce, Biba ki gode Allah, namu mazan ko sannu ba su iya ba. Ita kuma ta ce alhamdu lillahi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wahalar jinya ba ta dame ta ba, ko kaɗan. Ɗauko ruwa, wankin dungun ƙafa in ya yi ruwa da zafi, saƙa har ido ya yi duhu, duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya gajiyar da ita shi ne kewar mijinta take yi alhali yana zaune a gabanta. Ta yi ta tsokanarsa ko zai tanka. Ta ce masa igiyarsa ko ɗan akuya ba ta riƙewa, ya ce gaskiyarki, zan gyara. Ta zabga wa miya gishirin Bilma har ita kanta ta kasa kai loma ta biyu, ya cinye tas, ya sha ruwa buta guda, ya ce Allah shi yi albarka. Rannan ta zauna a bakin murhu ta rasa ko kuka za ta yi. Haka aka yi damina biyu, Biba mai baki ta koma shiru-shiru, mutane na cewa aure ya natsar da ita.

Wata safiya cikin bazara ta miƙa masa fura, ya karɓa da hannu biyu ya gode. Ta shiga ɗaki ta ƙulle zannuwanta a ɗankwali, ta wuce ta gabansa, ta yi yaji.

Malam Hamidu ya zaunar da ita a tsakar gida. "Ɗiyata, mi ya yi maki? Ya buge ki?"

"A'a, Kawu."

"Ya zage ki? Ya hana ki ci?"

"A'a."

"To mi anka yi?"

"Godiya shika yi min."

Malam ya gyara zama. A duk karatunsa bai taɓa cin karo da wannan ƙarar ba. Ya ce ta zauna ta huce, in mijin ya zo biko a ji daga bakinsa.

Bikon nan take jira. A lissafinta, namijin da matarsa ta fita ba dalili dole ransa ya ɓaci, ko gawa ce sai ta motsa. Zai zo yana huci, ta mayar masa, a yi ta ta ƙare. Amma kwana ya bi kwana ba Alkasum, ba ɗan aike. Wata maƙwabciya ta zo ta ce ta gan shi yana jan gindi yana tura tulu a tsakar gida, dabino kawai yake jiƙawa ya sha. Biba ta ji kamar ta tashi a guje. Ta danne, ta ɗauki kaba, saƙar ta ƙi tafiya daidai.

Ran Jumma'a bayan an sauko, cikin rana mai ƙuna, aka ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a zaure. Alkasum ne, ya sa kwat ɗinsa ta soja, gumi ya jiƙe ta sharkaf. Malam ya shimfiɗa masa tabarma, Biba ta laɓe a bayan asabari.

"Malam," in ji Alkasum bayan an gaisa, "ba biko na zo ba. Godiya na zo yi. Ɗiyarku ta yi min abin da ko uwa sai haka. Ta jira ni, ta ɗauke ni, ta yi jinyata. Ta gaji, kuma tana da gaskiya. Yarinya ce, ta cancanci cikakken mutum, ta samu ɗiya. Na zo in sawwaƙe mata, a gabanka, da daɗin rai. Abin da ke cikin ɗakin nan duk nata ne."

Idon Malam ya ciko. Ya ce Allahu akbar, ya fara laluben kalmar da za ta dace da irin wannan hali. Biba kuwa sai ta gane. Wato saki ma kyauta za a ba ta shi, a naɗe cikin ladabi. Ta bankaɗe asabari ta fito, ko mayafi babu.

"Gurgu!"

Kalmar da ba wanda ya taɓa faɗa wa Alkasum a Agadas ke nan. Malam ya ce, "Ke, Biba! Subhanallahi!"

"Bar ni, Kawu. Kai gurgu, da kai nike. Ƙahwa ɗaya Nasara sunka yanke maka, ko har da zuciyar sunka haɗa? Ni na ce maka na gaji? Wa ya aike ka ka yi min alheri? Ni baƙuwarka ce, ko ƴar aikin lokotoro ta asibiti? Da na san abin ga za a kawo min cikin mota, da na ce su bar shi can su aiko min da ƙahwar, ita ko ta shure ni!"

Alkasum ya ɗago kai. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya buɗe baki, ta ga alamar haƙuri zai bayar, ta ƙara masa: "Ce na gode mana. Ce!"

Ya ɗauki kwanon ruwan da aka ajiye masa ya maka da bango.

"Ba ni cewa! Mi kika sani, ke? Kin san abin da mutum ke ji in mace na ɗaga shi kamar jinjiri? Kin san kullum sai na ji ƙahwar ga na yi min ƙaiƙayi, in kai hannu ba ta nan? In na yi faɗa, da mi zan tsaya in yi shi? Wanda ake ciyarwa shina da bakin faɗa? Kuma miyar ga taki, wallahi ko raƙumi ya lasa sai ya kwanta! Shekara nawa na ce ki koya, har yau!"

Ya yi ta yi, murya na karyewa, hawaye na bin gemunsa, ya zagi yaƙin, ya zagi wanda ya rubuta sunansa, ya zagi igiya da masu sayenta. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Malam Hamidu na zaune baki buɗe, ya ga misalinsa na bayan la'asar ya watse a gabansa. Biba ta jingina da bango. Gajiyar shekaru ta sauko mata gaba ɗaya, amma ta san wannan muryar, ita ta aura.

Da ya gaji ya share fuska da hannun kwat, ya jawo sandunansa. "Ɗauko tsummokaranki ki wuce gida, kahin in saɓa maki."

"Da wace ƙahwar?" in ji ta. Ta shiga ta ɗauko ƙullinta.

Ba abin da ya gyaru a duniya don an yi wannan. Ƙafa ba ta tsiro ba, haihuwa ba ta zo ba, kuma har ƙarshen zamansu akwai ranakun da shirun nan yakan dawo masa, ta yi ta fama kafin ta tono shi. Amma a ranar, suna cikin tafiya a lungun bayan kasuwa, sandarsa ta nutse a rairayi, ya kife rub da ciki. Jikinta ya zabura za ta ɗaga shi kafin ta yi tunani. Sai ta tsaya cak, ta mai da hannayenta baya, ɗaya ya riƙe ɗaya gam. Ya yunƙura ya koma, ya sake yunƙurawa, yana haki, yana tsine wa rairayin da wanda ya zuba shi. Wani mai wucewa ya harare ta ya ce wace irin mace ce wannan, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ci gaba da tsayuwa cikin rana, farcenta na nutsewa a tafin hannunta, har ya miƙe da kansa.