Ƙoƙon Baba a Cheras

Baba bai taɓa buguwa ba, wannan kam zan iya rantsewa. Can gida Filato, in ya dawo daga gona, ƙoƙo ɗaya na burkutu yake sha da tuwon acca, shi ke nan. Yakan ce shi ya riƙe masa gwiwa har tsufa.

Da na kawo shi Kuala Lumpur don a yi masa aiki a ciki, nakan sayo masa bammin kwakwa wajen Indiyawan unguwar Sentul. Likita ta duba shi ta ce hantarsa ta gaji, ko kurɓi ɗaya kada ya ƙara. Na ce ai kaɗan ne, kuma cikin abincinmu yake. Ta ce kaɗan ɗin ma ya fi ƙarfin jikinsa yanzu, kuma in ya rame ba za su yi aikin ba.

Baba bai yi gardama ba. Ya bar sha, sai kuma ya bar ci. Na kawo lemo, na kawo shayin madara na shagunan Indiyawa, duk ya ture. Wuyansa ya zama kamar na zakara. Tsoro ya sa ni faɗa, har na ce masa taurin kai ne.

Maƙwabtanmu a unguwar Cheras Kanawa ne, wani malamin jami'a da matarsa Hajiya. Kunya ta hana ni ambaton giya a gabansu. Matata, da bakinta ba ya riƙe magana, ta je ta zazzage musu komai.

Washegari da la'asar suka shigo da kunun dawa mai tsami a ƙwarya. Ashe Hajiya ta tambayi matata yadda ake sha a wajenmu. Malam ya zauna a ƙasa kusa da Baba, ya cika ƙoƙo, ya fara kurɓa, sannan ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, bismilla, na ɗanɗana maka."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya karɓa, ya sha, ya juyo gare ni.

"Kai ka ajiye min kofi ka tafi, kamar kana ba akuya ruwa."

Ranar ya cinye malmala biyu. Ni da aka haifa a gidan na manta cewa a wajenmu babba ba ya sha shi kaɗai, kuma ba a miƙa masa abin da ba a ɗanɗana ba.

Mako uku Malam yana zuwa kullum, har aka yi aikin lafiya. Na je godiya, sai hawaye. Hajiya ta ce, "Haba ɗan'uwa, ai Babanmu ne duka."