Fitilar da Ke Ƙiftawa Bayan Badarawa

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Kaura Namoda, kuma babu darasin da nake ji da shi kamar na lantarki. In zana batir da alli, in ja layi zuwa makunni, in kai shi ga ƙwan fitila, in dawo da shi inda ya fito. A kan allo wuta ba ta taɓa ba ni kunya ba. A akori-kurar yayana ta ba ni.

Motar ta girmi ɗana na fari. A takarda shuɗiya ce, a ido kuwa launinta ya danganta da gefen da ka tsaya. Da ita Yaya ke kai gero da wake kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ya juyo da albasa da duk wanda ya sami wurin zama a kan buhu. Ciwonta ɗaya: fitilun gaba. Da mutuwa suke yi ɗungurungum da an huta, sai a sayi sababbi. Ƙiftawa suke yi. Ana cikin tafiya su ɗauke, ka ƙirga uku, wani lokaci goma, su dawo kamar ba su suka yi ba.

A da abin dariya ne. Yaya ya gangara gefe, fasinjoji su yi ta tsokanarsa cewa tsohuwa ta fara gyangyaɗi, wani ya sauka ya yi alwala, a ci gaba. To amma hanya ta sake hali. 'Yan bindiga suka fara tare ta, ya zama babu mai son tsayawa tsakanin Badarawa da Kaura bayan rana ta yi ja. Kasuwa kuwa ba ta sakin direba da wuri, sau da yawa magariba a hanya take riskarsa. Kowace Alhamis matarsa na bakin ƙofa da mayafi, ni ina zaure da littafi a buɗe, shafi ɗaya nake karantawa har in ji ƙarar injin.

Na matsa wa Yaya ya kai ta, motar, wurin mai gyaran wayar mota a tasha, wani mutumin kudu da ya daɗe a Kaura har Hausarsa ta fi tawa zama ta Zamfara. Ya sauya ƙwan fitila, ya sauya fis, ya kankare kan batir har yana sheƙi. Fitilun suka zuba masa ido sa'a guda cur, ko motsi.

"Alhaji," in ji shi, "motarka lafiya lau take. Kai dai ta raina."

Sau uku ana haka. Da aka yi hutun makaranta sai na ce zan bi shi Shinkafi, na fito da littafin rubutu da biro.

Yaya ya dube ni sama da ƙasa. "Malam, jarrabawa za ka yi mata? To ka sani ba ta yi boko ba."

Na zauna a gaba ina rubuta inda ta ɗauke da inda ta dawo. Kafin mu iso gida na ga abin da nake nema. A kan kwalta mai laushi ba ta ƙiftawa. Sai an shiga gargada, musamman wani wuri bayan Badarawa da ramuka suka jeru, nan take rufe ido. Ke nan ba ƙwan fitila ba ne, ba batir ba ne, wata waya ce ake ja in mota ta girgiza. A gareji kuwa mota ba ta girgiza, shi ya sa take fita da sakamako mai kyau.

Ran Juma'a da hantsi, a ƙofar gida, na kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje, tocila a baki. Na kwance murfin da ke bayan makunni. Abin da na fara gani ba waya ba ce. Laya ce, kamar kwalin ashana, fatar ta yi baƙi, tana reto a jikin wayar fitila. Nauyinta ya yi ta jan wayar shekara da shekaru, har saura zare biyu ko uku na tagulla ke riƙe da ita. An ɗaure ta da ƙyallen atamfa, kuma na san atamfar: mai ganye kore, zanen da Inna ke ɗaurawa in za ta unguwa. A lokacin damina huɗu ke nan da rasuwarta.

Na miƙa hannu ga reza. Sai na ji an riƙe mini idon sawu.

"Kak ka taɓa."

Na zaro kaina. "Yaya, ka san da ita?"

"Awo. Ni na riƙe mata tocila, ran da munka kawo motar gida."

Inna ba ta san bambancin waya da igiya ba. Ta nemi wurin da ido ba ya kaiwa, ta ga abu mai kama da igiya mai ƙwari, ta ƙulla, ta tofa addu'a. A nan na gane dalilin da ya sa kullum Yaya ke tsayar da mai gyara a gaban mota yana nuna masa ƙwan fitila, bai taɓa barinsa ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ba.

Raina ya ɓaci, na yi masa magana irin wadda ƙane ba ya yi wa wansa. Na ce matarka na tsaye bakin ƙofa kowace Alhamis kamar mai jiran sammaci, kai kana tsayawa cikin daji saboda ƙyalle? Na ƙara da fatawa, tunda malamin makaranta ba ya rasa ta: laya ba ta tsare kowa.

"Na sani, Malam," ya ce a hankali. "Allah ka tsarewa. Ba layar ba ce. Ƙullin nan hannunta ne. Ɗakinta an raba, tukwanenta sun watse gidaje. Ka nuna mini wani abu guda da ta ƙulla wanda ba a kwance ba."

Ban nuna masa ba. Kaji na kiwo a ƙarƙashin mota.

Can ya ce, "Kai da ka yi karatu, wutar nan dole sai ta nan za ta bi?"

Abin da nake faɗa wa 'yan aji uku ke nan kowace shekara: wuta ba ta da zaɓin hanya, ita dai a ba ta inda za ta bi ta koma gida. Na aika aka sayo waya sabuwa, na ja ta daga makunni, na zagaya da ita nesa da layar, na naɗe da salatif. Tsohuwar wayar na yanke ta kai da gindi, na ɗaure guntun a jikin ƙarfen sitiyari, ƙullin Inna na nan yadda ta bar shi. Rabin sa'a aikin ya ci, bayan shekara biyu ana wahala.

Alhamis ta gaba ina zaure, ana kiran magariba, sai haske ya cika bangon. Yaya ya ɗaga mini babbar fitila sau biyu, ya leƙo ta taga.

"Malam, yau kai ka ci jarrabawa."

Tun daga ranar bai sake tsayawa a daji ba. Kowace Alhamis ya dawo da ƙafarsa, har lokacin da direbobi suka daina bin hanyar da yamma gaba ɗaya, shi ma ya koma jigilar yashi cikin gari da rana tsaka, inda fitila ba ta da aiki. Ba hanya ce ta ɗauke shi ba. Hawan jini ne, a kan gadonsa, bara.

Motar tana gefen gidana yanzu, tayoyi sun sace. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sau biyu, na ba su ruwa suka sha. Wata Alhamis ɗin nakan ari batir wurin maƙwabcina, in ɗaura, in zauna a kujerar Yaya bayan sallar magariba in murɗa makunni. Fitilun su kama bangon gidan da ke fuskantarmu, tar. In sa hannu ƙarƙashin sitiyari in taɓa layar da yatsa, ta yi reto, ta yi reto. Hasken ko gezau.

Na yi gyaran da kyau, wannan kam babu musu. Amma nakan daɗe a zaune ina jira, ko za ta ƙifta sau ɗaya.