Kunun Tsamiyar Innata a Nakkasa

Innata ba ta yarda a sha abu shi kaɗai ba. A wurinta kowane abin sha da abokin tafiyarsa. Zoɓo mai citta da kanumfari na tsire ne. Ruwan tsamiya mai sanyi, wanda ya kwana a tulun da aka turara da ƙaron mustaka, na naman layya ne, don ya yanke maiƙo. Fura kuwa sai da tsakar rana, da dabino uku ko biyar. Amma abin da ta fi ji da shi kunun tsamiya ne, kuma duk wanda ya sha shi babu ƙosai, a ganinta ɓata gero kawai ya yi.

A shekarun sittin ɗin nan muna zaune a unguwar Nakkasa da ke Makka, can saman dutse. Lemon kwalba ya shigo Makka ke nan, duk gidan da ke son a ce ya waye shi yake fito wa baƙi da shi. Ni ma kaina ya ɗauki wannan hayaƙi, ba zan ɓoye ba.

Sai wani saurayi mai shagon yadi ya nemi aurena, ni ma ina sonsa. Danginsa Hausawa ne, amma sun daɗe a Makka har Larabci ya cinye bakinsu. Aka sa rana matan gidansu za su zo ganina bayan la'asar, har da kakarsa, wadda aka ce in ta girgiza kai magana ta mutu.

Na roƙi Inna ta tsaya ga shayi da lemon kwalba da ma'amul, wannan cincin mai dabino a ciki. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke dai je ki yi kwalliyarki. Baƙo ya hawo dutsen nan in tarye shi da ruwan kanti?"

Ta dama kununta, ta soya ƙosai. Da zan kai wa baƙi, sai na ji ƙanshin mai da yaji ya cika ɗaki, kunya ta kama ni. Na tura kwanon ƙosan bayan buhun gawayi, na jera ma'amul kusa da kofunan kunu, na shiga ina ta "ahlan wa sahlan" kamar jikar Larabawa.

Matan suka ɗauki kwalabe. Tsohuwar kaɗai ta miƙa hannu ga kunu. Ta kurɓa, ta gutsiri ma'amul, ta ɓata fuska, ta ajiye duka biyun. Na ce a raina shi ke nan, kunun Inna ya raba ni da miji.

Tsohuwar da tun shigowarta ba ta furta kalmar Hausa ko ɗaya ba, sai ta buɗe baki da Sakkwatanci tsantsa.

"Wa ad dama kunun ga?"

"Ni ce, Hajiya," in ji Inna.

"Hannunki na da kyau, wallahi. Amma wa ag gaya miki ana shan shi da kayan zaƙi? Ina ƙosai?"

Inna ta juyo ta kalle ni. Ba ta tona ni ba. Cewa kawai ta yi, "Yarinyar ce ta bar shi ya ɗan huce. Tashi ki ɗauko." Na ɗauko, da ƙurar gawayi a gefen kwanon.

Tsohuwa ta tsoma ƙosai a kunu ta ci, ta sake ci. Ta ce rabonta da wannan haɗi tun suna hanyar zuwa Makka, a wani gari a Cadi, uwarta na da rai. Jikokinta suka zuba mata ido, don ba su taɓa jin ta yi doguwar magana da Hausa ba. Kafin a kira magariba, kwalabe na gefe rabi-rabi, tukunyar kunu kuwa har an kankare gindinta.

Da za ta tashi ta riƙe hannun Inna, ba nawa ba.

"Ta iya damawa?"

"Za ta iya kafin biki," in ji Inna.

Na iya kuwa, da ranƙwashi da komai. Yau jikokina Larabci suke yi mini, amma ba wanda zai karɓi kofin kunu a hannuna bai leƙa ya ga ƙosai ba. Duk lokacin da suka yi haka, alfahari nake yi da matar da na so in ɓoye girkinta a bayan buhun gawayi.