Takardar Bashi a Wuyan Jariri

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, maigidana ya ranta wa maƙwabcinmu na Soron Ɗinki naira ɗari uku, duk jarin maigidan nawa na sayar da yadi ke nan. Limamin unguwa ya rubuta takardar da ajami, ya fara da Bisimilla, aka naɗe ta aka sa a gafakar Alƙur'ani.

Wa'adi ya wuce, maƙwabci ya ce shi ɗari ya sani. Magana ta kai gaban alƙali, aka ce a kawo takarda ranar Litinin. Ga liman ya riga mu gidan gaskiya, ga gafaka wayam. Har tukunyar daddawa na leƙa.

Surukata Inna tana kan tabarma tana jan carbi, ta ce, "Wai me ake nema ne kamar an yi ɓatan zinare?"

Na gaya mata.

"Au, rubutun Malam? Ai yana wuyan angona."

Jikanta take nufi, ɗana mai wata bakwai. Ashe lokacin da yake zazzaɓin haƙori ta ga takardar a gafaka, ga sunan Allah da rubutun liman, ta kai wa baduku ya ɗinke ta laya da jar fata.

Maigidana ya ɗauko reza. Ta janye yaron ta ce, "Wallahi ba a gidan nan ba! Tun da na rataya masa ko tari bai yi ba."

Haka muka tafi kotu, ni da goyo, ita a gaba. Alƙali ya ce, "Ina takardar?"

Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ga ta can tana shan nono."

Da ƙyar Inna ta yarda aka farke, bayan alƙali ya yi mata alkawarin mayarwa. Ya karanta da ƙarfi: ɗari uku. Maƙwabci ya yi gumi sharkaf, ya ce shaiɗan ne ya mantar da shi. Sai ya ba ni tausayi; da yamma na aika wa matarsa tuwo, don na san ba a ɗora tukunya ba.

Ya biya kaɗan-kaɗan, jari ya dawo kafin azumi. Takardar kuwa Inna ta karɓe abinta, baduku ya sake ɗinkewa. Ƙannen yaron uku duk da ita suka yi haƙori.