Tsamiyar da Malam Dawuda ya rasa

Sunana na yanka Hindu, sunan kakata. A gida Mama ake ce mini, don mahaifina ba ya iya kiran sunan uwarsa. Kakana Malam Dawuda kuwa "uwargida" yake ce mini.

Shi ɗan kasuwa ne, jikan fataken Kano da suka zauna a Garwa. Yana da gona a hanyar Ngong, can kakata ta rasu a damina ta 1988. Ruwa ya cinye hanya, aka binne ta a gonar, gabas da wata tsamiya. Ba a rubuta suna ba, ba a ɗora dutse ba, mu ba ma yi. An kafa ɗan itace, gara ta cinye shi. Tsamiyar ita ce alama.

Da fatauci ya mutu a shekarun da kuɗin sefa ya faɗi, Kaka ya sayar da gonar. Ta yi ta sauya hannu har ta faɗa wa wani attajiri mai son gina jami'a tasa ta kansa. Mutumin bai ƙi gaskiya ba. Ya ce, "Malam, ka nuna mana kabarin, mu kewaye shi."

Kaka ya ce, "Gabas da tsamiya. Bari in dawo daga Tuboro."

Ya tafi cin kasuwar kakar auduga. Kafin ya dawo katafila ta bi filin, ta tumɓuke kowace bishiya. Ya tsaya tsakiyar jar ƙasa, ya nuna nan, ya ce a'a, ya nuna can. Injiniya ya jira har la'asar, ya ɗaga kafaɗa ya shiga mota.

Jami'a ta tashi, gari ya biyo ta. Ɗakunan haya, shagunan fotokofi, mashaya, masu tuyar ƙwai. 'Yan moto, masu haya da babur, suka raɗa wa wurin Karfur Kampus, wato mararrabar jami'a, ba mai tuna Gonar Dawuda. Kaka dai kowace Juma'a yana bakin ƙofar jami'ar.

Mai gadin, Zacharie, Kirista ne daga Mokolo, ƙasar duwatsu.

"Baba, ina katinka na ɗalibi?"

"Ɗan dutse, matsa mini. Na riga ubangidanka zuwa nan."

"To yau a ina matar taka take?"

"Ina jin bayan ɗakin karatu."

"Wancan mako ka ce wajen ajiye motoci. Ku Hausawa! Mu a kan dutse tulin duwatsu muke yi wa mamaci, ko akuya ta san wurin."

"Allah ya san inda take."

"Allah ya sani, Baba. Kai ne ba ka sani ba."

Ni na raka Kaka ranar, ina riƙe da butarsa. Ya durƙusa a kan siminti ya ɗaga hannu, 'yan mata masu wando suna ratsa shi suna dariya da Faransanci. Na ji abin da suke cewa, ban fassara masa ba.

Abu ɗaya yake so, a kwantar da shi kusa da ita. Da ciwo ya kama shi ya ce, "Uwargida, ke da kika yi boko, je ki roƙe su."

Na je. Wata mata a ofis ta saurare ni da kyau, ta ce, "A ina kabarin yake?" Na dawo na ce masa suna dubawa.

Da ya rasu, maƙabartar gari aka kai shi. Mata ba sa zuwa, ina gida. Zacharie ya zo ta'aziyya da dutse a jaka, wai daga Mokolo. Mahaifina ya yi masa godiya, ya ce ba al'adarmu ba ce. Dutsen na nan yana tokare ƙofar madafa.

Bayan sadakar bakwai na ce, "Baba, a ina kuka sa shi?"

Ya yi ɗan tunani, ya ce, "Kada ki damu, Mama, ba zai ɓata ba. Yana yamma da wata dalbejiya."